Wanda Ke Kan Sifili

Asabar, bayan azahar. Kwana 11.

Wannan littafin na shirin darasi ne, na 'yan aji biyu. Tunda ba makarantar zan je ba, bari in ci sauran shafukan. Ba na fita, kuma ba zan fita ba sai wata huɗu da kwana goma sun cika. Mata sun rage zuwa. Tabarmin da aka aro an mayar wa masu su.

Kwanakin farko ban san kaina ba. Sai yau da safe na ɗauki kalanda, na ɗora yatsa a kan Larabar nan na ce ɗaya, na ƙirgo zuwa yau.

Baba Tasi'u, ƙanin mahaifin Malam maigidana, ya zo da hantsi. Shi ne shugaban masu lambu na Rafin Ɗinya. Ya zauna a zaure, Inna Barira, surukata, ta kira ni na tsuguna daga ciki. Bayan addu'a ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya zo kan maganar. Su ashirin da huɗu ne, injin ban ruwa ɗaya. Malam ne sakatarensu, kuma shi ke fitar da layin ruwa daga kwamfutarsa, a buga, a manna a bangon masallaci. Takardar da ke manne yanzu za ta ƙare Juma'a ta sama. Ga mai ya ƙara tsada, injin da ke yin awa goma yanzu shida kawai za su iya ba shi. Dole a sake layin gaba ɗaya.

"Zuliha, ko kin san yadda yake tambayar abin nan?"

Na ce ban sani ba, Baba.

"To shi ke nan. Sai mu koma rubutawa da hannu."

Na san abin da hannu yake nufi. Shekarar da ake rubutawa da hannu ce Dallatu da Mati suka zare wa juna fartanya. Na kusa da inji su sha su ƙoshi, na ƙarshen tiyo su yi ta kallon sama. Mutane sun yarda da kwamfutar ne don ba ta da ƙane, ba ta da suruki. Lambun Malam kuwa shi ne na can ƙarshe, fangali arba'in na albasa da ya dasa da hannunsa. Ita kaɗai ce abin da ya bari tana girma.

Na ce a ba ni zuwa Juma'ar. Inna ta juyo ta kalle ni. Ni ma ban san wa ya yi magana da bakina ba.

Lahadi, da hantsi. Kwana 12.

Na buɗe kwamfutar. Ta nemi kalmar sirri. Na sa sunana, ta ƙi. Na sa ranar aurenmu, ta ƙi. Na sa sunan Inna, ta ƙi. Don takaici na rubuta albasa, sai ta buɗe.

Na yi fushi da shi har na ƙi shan koko. Ina ta shirya abin da zan gaya masa, har da yadda zan riƙe ƙugu. Daga baya na tuna.

Litinin, bayan la'asar. Kwana 13.

Na kira Luba, ƙawata tun kwalejin ilimi. Yanzu tana Kano tana rubuta manhaja a wani kamfani. Ta fara kuka, na ce ta ajiye shi gefe, aiki na kira ta. Ta sa na ɗauki hoton fuskar kwamfutar na tura mata. Ta ce harshen da Malam ya yi amfani da shi sunansa Python, kuma na yi sa'a, shi ne mai sauƙin shiga ga ɗan koyo.

Ta turo saƙon murya har biyar. Ta ce in riƙe harshe ɗaya, kar in yi ta tsalle. Ta ce duk abin da ta turo kar in kwafa in manna, in buga da yatsuna, don hannu ya fi ido riƙewa. Ta ce kullum in taɓa, ko da rabin awa ne. Ta kuma ce kar in kusanci aikin Malam tukuna, kuma ranar da zan taɓa shi in fara ajiye kwafinsa gefe.

"Yau layi ɗaya za ki rubuta, Zuli. Ɗaya tak. Kar ki yi mini zuciya."

Ta san ni. Na rubuta kalmar print, na buɗe baka, na sa alamar zancen wani, na rubuta Salamu alaikum, na rufe komai, na danna. Sai ga shi a ƙasa: Salamu alaikum. Na waiga kamar wani ne ya shigo.

Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Na gaya mata na yi wa na'urar sallama.

"Ta amsa?"

"A'a, Inna, maimaitawa ta yi."

"To ba ta da tarbiyya."

Solar da Malam ya haɗa tana ba ni awa biyu in rana ta yi kyau. Awa biyun nan su ne ranata.

Laraba, da safe. Kwana 15.

Yau ba zan iya ba.

Alhamis, bayan azahar. Kwana 16.

Na koya mata tarbiyya. Yanzu in na rubuta mata sallama sai ta ce wa alaikumus salam, in na rubuta wani abu daban ta ce a fara da sallama. Layi biyar ne, amma sun ci mini yini biyu. Duk dannawa sai jan rubutu ya cika fuska, Turanci tuli, kamar ana yi mini faɗa a ofis. Sau biyu na rufe ta da ƙarfi. Sau biyu na ba ta haƙuri, don tasa ce.

Luba ta ce jan rubutun ba zagi ba ne, kwatance ne. In bar na sama, in karanta layin ƙarshe, shi ke faɗin inda matsalar take. Na karanta. Ashe ruwa biyu na manta, ɗigo biyun nan da nake dukan tebur a kansu a aji. Ni Zuliha, da nake cewa yara su sa ruwa biyu kafin jeri. Saboda rashin ruwa biyu komai ya tsaya, to ina ga albasa.

Abin da na gane yau: kwamfuta kamar ɗan aji ɗaya ce mai tsananin biyayya. Abin da ka ce za ta yi, ba abin da kake nufi ba. Don haka kafin in buga komai, nakan rubuta matakan da Hausa a nan, ɗaya bayan ɗaya, kamar ina koya wa wanda bai taɓa ganin murhu ba yadda ake tuwo. In ka manta ka ce a hura wuta, haka zai zauna yana tuƙa ruwan sanyi.

Juma'a, da yamma. Kwana 17.

Na ji ƙarar babur a bakin ƙofa, na miƙe har na zubar da wake. Mai sayar da gishiri ne.

Asabar, da hantsi. Kwana 18.

Luba ta ba ni izini. Na ajiye kwafi, na buɗe aikin Malam.

Ya bar bayanai da Hausa a tsakanin layuka, don tunawar kansa. Wani wurin ya rubuta, "nan ake juya layi kowane mako, don kar wani ya dawwama a yamma." Wani wurin kuma, "kar a taɓa wannan, ban san dalilin da ya sa yake aiki ba." Na yi dariya, ta farko tun ranar. Muryarsa ce sak.

A sama akwai jerin sunayen mutum ashirin da huɗun. Nasa ne na farko. Na yago 'yar takarda na liƙa a kan wurin da ƙaro, don in iya kallon sauran.

Darasin yau shi ne yadda ake ciro suna daga jeri da lambarsa. Na daure na ce ta ba ni na ɗaya, na runtse ido. Da na buɗe sai na ga Mati. Na ce alhamdu lillahi, ashe na'ura ma ta san kara. Ban tsaya tambayar dalili ba.

Lahadi, bayan la'asar. Kwana 19.

Wata tsohuwa daga Rimin Gado ta zo gaisuwa a makare. Tana ta kiran sunansa, tana ta yabonsa. Inna ta sunkuyar da kai tana cewa, "Allah sarki, yayan Sabo." Ɗan farinta ne. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a gabansa ko a bayansa. In tana lissafa 'ya'yanta daga Sabo take farawa. Ko ranar nan, da mutane suka cika zaure suka ƙi shigowa, abin da ta tambaya shi ne, "Ina yayan Sabo?"

Ni ma ban fiye kama sunan ba, Malam nake cewa. Gida guda, mata biyu, babu mai faɗin sunan.

Jarkar man inji da aka dawo da ita daga wurin hatsarin tana bayan rumbu. Biyu ya fita da su. Na ce Sabo ya ɗauke ta daga nan, ya ce to, bai ɗauke ba.

Talata, bayan azahar. Kwana 21.

Sabo ya zo ban ruwa yau, na ƙarshe a tsohuwar takarda. Adaidaita sahu yake ja a Ungogo, don haka ba ya zuwa sai ranar da sunan yayansa ya faɗo a layi. Ya ce albasa ta yi kyau, ta fara kumbura a ƙasa. Ya ce in ta samu ruwa huɗu ko biyar nan gaba, shi ke nan. Babur ɗin Malam kuma, da aka riƙe tun hatsarin, an ce wa Sabo ya sake komawa wani makon.

Na shiga zagaye, wato yadda ake sa kwamfuta ta bi jeri suna bayan suna ba sai ka kira kowa da kanka ba. Wannan ya ba ni wuya fiye da komai. Na jera ƙwayar gyaɗa ashirin da huɗu a faifai, ina tura su gida-gida: biyu da safe, biyu da yamma, awa ɗaya da rabi kowa, kwana shida, Juma'a inji ya huta. Sai da na yi da hannu sau uku sannan na gane abin da layukan Malam ke yi.

Kuma na kama shi da kuskure. A wurin da zagayen ke farawa ya rubuta 0. Sifili. Wa ke fara ƙirga da sifili? Shekara shida ina koya wa yara ɗaya, biyu, uku. Na goge na sa 1. Na ce da hularsa da ke rataye a ƙusa, ka gani ko, mai digiri, malamar firamare ta gyara maka. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Laraba, da safe. Kwana 22.

Na taɓa ta rabin awa, don Luba ta ce kullum. Ban da wannan ba komai.

Alhamis, bayan la'asar. Kwana 23.

Ya fito. Babu jan rubutu ko ɗaya. Asabar zuwa Alhamis, sunaye sun jeru, lokuta sun zauna daram. Har gurbi ɗaya ya ragu babu kowa, na ƙarshe, Alhamis da yamma. Na ce wannan rara ce, albarkar tsari.

Na tura wa Luba hoton, ta ce tana kan hanya amma ya yi kyau, ta turo mini tafi. Ban nemi sunansa a ciki ba. Na san yana nan.

Juma'a, bayan masallaci. Kwana 24.

Baba Tasi'u ya kai an buga a Dawakin Tofa, an manna. Ya dawo ya tsaya a zaure yana ta sa mini albarka. Ya ce mutane sun taru suna dubawa, kowa ya nemi sunansa ya gani, babu wanda ya ɗaga murya. Ya ce, "Ashe gidan bai mutu ba." Sai ya ji abin da ya faɗa, ya sa takalmi.

Inna ta sa mini man shanu a tuwo. Na gani.

Lahadi, da hantsi. Kwana 26.

Na yi barci sosai. Ina jin ƙarar injin daga nesa in iska ta juyo, sai in ce a raina, ni na tashe shi. Ina so in koyi yadda za ta riƙa tura wa kowa saƙo a waya ranar ruwansa. Luba ta ce in bi a sannu, in fara ƙwarewa a abin da ke hannuna. Ita kullum a sannu.

Laraba, da azahar. Kwana 29.

Dole in rubuta wannan.

Fadima matar Mati ta shigo da hantsi. Ta zauna, ta yi gaisuwa, ta yi maganar tsadar gero, ta yi maganar ciwon ƙafarta. Da za ta tashi ta ce, "Zuliha, albasar nan fa, ko an haƙura da ita ne?"

Na ce wace albasa?

Ta ce lawashi ya kwanta, bakinsa ya yi ja, ƙasa ta tsage. Tun Talatar can ko ɗigo bai shiga ba. Sunansa ba ya cikin takarda. Kowa ya lura tun ranar Juma'a, amma sun ɗauka mu muka cire shi da gangan, kuma wa zai zo gidan nan ya tambayi irin wannan?

Na buɗe hoton na ƙirga sunayen da yatsa. Ashirin da uku.

Na kira Sabo. Ina jin hon ɗin motoci a bayansa. "Yaya Zuliha, na duba ban ga sunan ba. Na ɗauka kun gama shawara ke da Baba. Na ce tun kafin arba'in har an share shi. Shi ya sa ban zo ba, ban kuma kira ba." Ya kashe.

Na aika Fadima ta kirawo Baba Tasi'u. Na ce ga gurbin gobe da yamma babu kowa, a ba lambun. Ya shafa gemu ya ce ba ya yiwuwa haka kawai. Dallatu ya riga ya ce gurbin nasa ne, don tumatirinsa ya fi kowa yawa. Kuma shi Baba da bakinsa ya kafa doka cewa abin da na'ura ta fitar ba a sa masa hannu. In ya ƙara sunan ɗan ɗan'uwansa da biro, gobe kowa zai zo da nasa biron.

"Sai dai ita da kanta ta nuna an yi mantuwa. In kin samo wannan kafin la'asar gobe, zan tsaya miki."

Na kira Luba sau tara. A kashe.

Na danna sau ashirin, sau ashirin tana ba ni ashirin da uku. Babu jan rubutu. Da ma ta yi mini faɗa, da na san inda zan duba. Sunan yana cikin jeri, na ɗaga gefen takardar na leƙa, yana nan. Amma ba ta ɗaukarsa. Har na fara tunanin abin da bai kamata mai ilimi ta yi tunani ba, wai ko ita ma ta sani ne. Na yi istigfari.

Ni na kashe masa albasa, ina zaune a ɗaki ina yabon kaina.

Laraba, kafin magariba. Kwana 28.

Ba kuskure ba ne, ashirin da takwas na rubuta.

Bayan la'asar Inna ta zo bakin ƙofata da kwarya. Ta ga idona, ba ta tambaya ba. Ta ce a fara shirin geron sadakar arba'in, don Litinin ta sama ta zo kusa. Na ce Lahadi dai, Inna. Ta ce Litinin. Da ma a cike nake. Na fizgo kalanda daga bango, na ɗora yatsa a kan Larabar na ce, "Ga shi, ɗaya. Alhamis biyu, Juma'a uku."

Ta riƙe mini yatsa.

"Kwana ake ƙirgawa, 'yar nan, ba rana ba. Ranar da aka kai shi ai bai kwana ba tukuna. Alhamis ce kwana ɗaya. Haka jariri ma, ranar da ya faɗo ba a ce masa ɗan kwana ɗaya. Shi ya sa suna ke zagayowa ranar da aka haihu."

Na ce, "To Larabar fa? Ba ta cikin ƙirgan ke nan?"

"Ita ce tushen ƙirgan. Daga kanta ake tashi. Ba a ce mata ɗaya ne kawai, amma in babu ita, me za ki ƙirga?"

Na tsaya da kalanda a hannu. Sai na tuna ranar da na nemi na ɗaya aka ba ni Mati. Na tuna sifilin da na goge ina yi wa hula gori.

Cajin saura kaɗan. Na ɓare takardar da na liƙa, na goge ƙaron da bakin zane. Na ce ta ba ni wanda ke kan 0. Sunan ya fito, shi kaɗai, a tsakiyar baƙin allo.

Ashe kwamfuta kwana take ƙirgawa irin na Inna. Na farko a jeri yana kan sifili, na biyu shi ne ɗaya. Malam bai yi kuskure ba. Ni ce garin neman gira na rasa ido. Na buɗe kwafin da Luba ta sa na ajiye, na tabbatar, na mayar da 0 inda yake, na danna. Ashirin da huɗu. Babu gurbin da ya ragu.

Na kifa kai a gwiwa na yi kukan da ban yi ba tun ranar. Inna ta zauna a dokin ƙofa tana tsince geronta har na gama.

Alhamis, da hantsi. Kwana 29.

Baba ya zo ya ɗauki kwamfutar kanta, Inna ta naɗe ta a zanenta. Na nuna masa inda zai danna, na sa ya gwada sau uku a gabana. Na bar masa guda biyu a buɗe, mai 1 da mai 0, don su gani da idonsu.

Na ce, "Baba, ka gaya musu ni ce na yi kuskuren, ba ita ba. Ka faɗi sunana."

Ya ce ba sai an kai ga haka ba. Na ce sai an kai. In suka daina yarda da ita, fartanya za ta dawo.

Yanzu sai jira. Na share tsakar gida sau biyu.

Alhamis, dab da magariba. Kwana 29.

Sabo ya shigo da taɓo har gwiwa. Tun safe ya ajiye adaidaitar ya taho.

Ya ce an taru a gindin ɗinya. Baba ya danna na farko, aka ƙirga ashirin da uku. Ya danna na biyu, aka ƙirga ashirin da huɗu. Ya faɗi abin da na ce ya faɗa. Dallatu ya ce to ai shi ya sa ba a ba mace irin wannan aiki, yau ta manta mijinta, gobe wa za ta manta? Sai Mati ya miƙe ya ce, "Ita ta ɓata, ita ta gano, ta kuma aiko a faɗa. Mu ashirin da uku mun gani tun Juma'a, wa ya buɗe baki a cikinmu?" Dallatu ya kaɗe rigarsa ya ce shi bai ce a hana maraya ruwa ba. Ban san wane maraya yake nufi ba, albasar ko mu. Amma shi ya kama bakin tiyo ya taya Sabo ja har ƙarshe.

Ƙasar ta yi ta shan ruwa ba ta nuna ba, in ji Sabo, sai can ta fara tsayawa. Fangali bakwai na gefen tudu sun tafi, ba za su tashi ba. Sauran talatin da ukun yana sa rai.

Bakwai ɗin nan nawa ne. Ba zan ɗora wa kowa ba.

Luba ta kira, wayarta ce ta lalace. Na ba ta labari. Ta ce duk mai wannan sana'a sai da sifili ya kayar da shi sau ɗaya, kuma laifinta ne da ba ta gaya mini ba tun farko. Na ce bar shi, surukata ta koya mini. Ta ce daga yau duk abin da ya fito in ƙirga shi da kaina, rashin jan rubutu ba ya nufin daidai ne. Na ce wannan darasin na riga na biya shi da albasa.

Juma'a, bayan la'asar. Kwana 30.

Na fitar da layin mako mai zuwa. Na ƙirga sau uku da yatsa, na sa Sabo ya ƙirga. A saman layin sifilin na bar bayani kusa da nasa: "daga nan ake farawa, kar a taɓa, na san dalili."

Baba Tasi'u ya zo karɓa bayan masallaci. Muna zaure, ni daga ciki, Inna a kan tabarma, Sabo a tsaye. Baba ya ce albasa ta ɗaga kai da safen nan, ya gani da idonsa. Sannan ya yi gyaran murya ya ce akwai magana ɗaya. Tunda Sabo ne ke ban ruwan, kuma ganin sunan a bangon masallaci yana taɓa zuciyar mutane, ko za a sauya a sa na Sabo a wurin? Ya ce aikin minti ɗaya ne a wurina yanzu.

Gaskiya ne, minti ɗaya ne. Na ɗora hannu a kan madannai, na kasa. Sabo yana kallon ƙasa.

Inna ta ce in matso da ita. Ba ta karanta boko. Ta ce in nuna mata inda yake. Na nuna. Ta ɗora ɗan yatsanta a wurin, inda sauran ƙaron bai gama fita ba, ta daɗe a haka.

"Shi ya dasa," ta ce. "A bar Khalilu a inda yake har a cire albasarsa."

Baba ya ɗago ya kalle ta, ya sake sunkuyawa. Sabo ya juya ya fuskanci bango. Ita kuwa ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce ta bar tukunya a wuta.

Tunda ta iya, ni ma zan iya.

Khalilu. Mijina Khalilu ya rasu ranar Laraba, yau kwana talatin. Ruwansa na mako mai zuwa ranar Talata ne, ƙarfe bakwai na safe.